Ƙauyen da ya raba ƙasarsa shiyya shida

Mutum ya sayi fili da kuɗinsa, takarda tana hannunsa. Yana iya gina duk abin da ya ga dama a ciki? Kada ku yi saurin amsawa, yara. Ku ɗauka filin yana manne da gidanku, mai shi kuwa majema yake so ya buɗe, ko injin niƙa wanda zai yi ta ruri tun asuba har dare. To, yanzu ku juya maganar. Ku ɗauka filin na babanku ne, maƙwabta suka taso suka ce ba zai kafa injinsa ba. Wa ke da gaskiya?

An taɓa kai wannan tambaya har gaban manyan alƙalan wata ƙasa. Shekara huɗu ana jayayya. Ƙauyen da abin ya faru yana can Amurka, nesa da mu ƙwarai. Amma ku karanta a hankali. Wanda ke zaune kusa da babban gari zai gane maganar da wuri.

Ƙauye a bakin birni

A ƙasar Amurka akwai wata jiha, sunanta Ohayo. A arewacin jihar akwai wani babban tabki, tabkin Iri. A bakin tabkin akwai birnin Kilibilan. Gabas da birnin, manne da shi, nan ƙauyen Yukilid yake. In kun duba taswira za ku ga an rubuta sunayen nan biyu haka: Cleveland da Euclid. Masu awon ƙasa ne suka raɗa wa wurin suna a shekarar 1796. Sunan wani malamin lissafi ne na zamanin da, wanda ya tsara ilimin layi da kusurwa da da'ira, irin wanda kuke koyo a aji.

Da fari mutanen Yukilid manoma ne. An san su da gonakin inabi. Amma birnin da ke kusa da su bai tsaya wuri guda ba. Ana narka ƙarfe a cikinsa, ana tace mai, ana ƙera injuna da motoci. Mutane suka yi ta zuwa neman aiki. A shekarar 1900 mutanen Kilibilan 381.768 ne. A 1920 sun kai 796.841. Ku duba da kyau: cikin shekara ashirin sun ninka har da ɗori.

Birni ya cika da hayaƙi da ƙara. Sai masu ɗan hali suka fara fita suna gina gidaje a ƙauyukan gefe. A zamanin nan akwai tarago mai aiki da lantarki wanda ke ɗaukar mutane tsakanin birni da ƙauyuka, ga kuma motoci sun fara yawa. Mutum ya tashi da safe ya tafi birni wurin aiki, da marece ya komo gida. Birni ne wurin neman abincinsa, ƙauye ne wurin kwanansa. A ƙidayar 1920 an samu mutum 3.363 a Yukilid. Mafi yawan ƙasar ƙauyen gonaki ne da filayen da ba a gina ba.

Sai dai ba mutane kaɗai ke fitowa daga birni ba. Hanyoyin jirgin ƙasa biyu sun ratsa ƙauyen. Masana'antu kuwa hanyar jirgi suke bi, kamar yadda masu tebur ke bin bakin guduro. Mutanen Yukilid suna kallo, masana'antun birni suna matsowa kaɗan kaɗan. Suka ce: hayaƙin da muka guje wa, ga shi nan yana biyo mu.

Dokar shiyyoyi

Ranar 13 ga Nuwamba 1922 majalisar ƙauyen ta kafa doka. Ba su ne na farko ba. Birnin Niyok ya riga su tun 1916. Wani lauya, James Metzenbaum, yana cikin waɗanda suka tsara dokar, shi ne kuma ya tsaya mata daga baya a gaban alƙalai.

Ga yadda suka yi. Suka shimfiɗa taswirar ƙauyen, suka ja layuka, suka raba ƙasar shiyya shida. Kowace shiyya da abin da aka yarda a yi a cikinta.

Shiyya ta ɗaya ta gidajen zama ce, kowane gida iyali guda. An yarda da gona da lambu, da wurin shan iska, da tankin ruwa, da tashar tarago. Ba kanti, ba gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko lakkwal ma babu. A shiyya ta biyu an yarda da gida mai ɗaukar iyali biyu. A ta ukku ne aka yarda da dogayen benaye na haya, da masaukin baƙi, da makarantu, da wuraren ibada, da asibiti. Ta huɗu ta ciniki ce: kantuna, banki, ofisoshi, gidan abinci, gidan silima, wurin sayar da mai. Ta biyar ta rumbunan ajiyar kaya ce, da maƙera, da garejin gyaran mota, da bargar dawaki, da kasuwar sari. Ta shida ita ce ta manyan masana'antu, da wurin ƙona shara, da wurin tara tsohon ƙarfe, da filin jirgin sama, da gidan kaso, da maƙabarta.

Akwai wata dabara a cikin tsarin nan, ku lura da ita. Abin da aka yarda da shi a shiyya ta ɗaya, an yarda da shi a ta biyu. Na ɗaya da na biyu suna iya shiga ta ukku. Haka abin yake tafiya har ƙasa. Ke nan mutum yana iya gina gidansa kusa da masana'anta in ya ga zai iya. Amma masana'anta ba ta iya hawowa unguwar gidaje. Kamar ruwa ne: yana gangarawa, ba ya hawa tudu.

Dokar ba ta tsaya nan ba. Ta faɗi tsawon gini. A wani yanki gini ba ya wuce kamar metir 11, wato hawa biyu da rabi. A wani yankin metir 15, a wani kuma metir 24. Ta kuma faɗi faɗin filin da za a ba kowane iyali. Inda aka fi tsanantawa, sai iyali guda ya samu kamar murabba'in metir 465. Inda aka fi sassautawa, kamar 84 sun isa. Ta faɗi tazarar da za a bari tsakanin gida da hanya, da tsakanin gida da gida.

Aka sa ma'aikaci mai duba gine-gine. Wanda zai yi gini sai ya nemi izini wurinsa. Aka kuma kafa kwamiti na sauraren kuka. Wanda ya ga dokar ta matse shi fiye da kima yana iya zuwa gaban kwamitin ya faɗi damuwarsa. Zaman kwamitin a fili ake yin shi, kowa yana iya zuwa ya ji. Wanda ya karya doka kuwa akwai horo.

Kada abin ya zame muku baƙo. Ku tuna tsofaffin garuruwanmu. Ina mahauta suke yanka? Ina majema take? Ina marina? Ba a tsakar gidan kowa ba. Kakanninmu sun san wari da hayaƙi da wuta ba su san iyakar fili ba, don haka suka ba kowace sana'a wurinta. Abin da mutanen Yukilid suka ƙara shi ne taswira da awo da rubutu. Sun kuma yi dokar tun ba a yi ginin ba, ba su jira sai an yi faɗa ba.

Filin kamfanin Ambler

A yammacin ƙauyen, gefen da ke kallon birni, akwai wani babban fili. Faɗinsa ya kai hekta 27 da rabi, a awon Amurkawa eka 68. Na wani kamfani ne mai saye da sayar da filaye, sunansa Ambler. Filin yana tsakanin babbar hanyar mota daga kudu da hanyar jirgin ƙasa daga arewa. Kamfanin bai gina komi a ciki ba. Ajiye shi ya yi yana jira masana'antu su iso, ya sayar musu da tsada.

Da aka ja layukan doka, sai suka ratsa filin suka yi masa kashi ukku. Daga bakin babbar hanya zuwa metir 189 ya faɗa shiyya ta biyu. Metir 40 na bayansu suka faɗa ta ukku. Sauran, har bakin hanyar jirgi, ya faɗa ta shida. Wato bakin hanya, wurin da ya fi daraja, an ce gidajen zama kaɗai za a gina.

Masu kamfanin suka yi lissafi. Suka ce eka guda, in ta masana'anta ce, tana yin dala 10.000. In kuwa ta gidajen zama ce, ba ta wuce dala 2.500. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Suka ce: ba wanda ya taɓa filinmu, ba a ɗebi ko ƙwarya guda ta ƙasa ba, amma an zauna a ɗaki an ja layi a takarda, kashi ukku cikin huɗu na darajarsa ya tafi. Wa zai biya mu?

Ba su je gaban kwamitin sauraren kuka ba. Ba su ko nemi izinin gini ba. Kai tsaye suka tafi gidan shari'a, suka ce a soke dokar baki ɗaya. Hujjarsu tana cikin tsarin mulkin ƙasarsu, inda aka hana hukuma ta raba mutum da dukiyarsa ba bisa hanyar shari'a ba. Lauyan da suka ɗauka babban mutum ne, Newton Baker. Ya taɓa zama magajin garin Kilibilan, ya kuma riƙe ministan yaƙi na Amurka a lokacin yaƙin duniya na farko.

Kukan kamfanin ba na banza ba ne. Wanda ya tara kuɗi ya sayi abu, aka wayi gari abin ya faɗi daraja saboda umarnin wasu, dole ya ji zafi. Amma ku tambayi kanku: darajar nan ta dala 10.000, wa ya kawo ta? Kamfanin bai yi noma ba, bai yi gini ba. Birni ne ya matso, hanya ta zo, jirgi ya zo, filin ya yi tsada yana kwance.

Shari'a ta farko

A watan Janairu 1924 alƙali David Westenhaver ya yanke hukunci. Ya ba kamfanin gaskiya. Ya ce dokar ta ƙwace dukiya ba tare da diyya ba.

Ya kuma faɗi wata magana wadda ya kamata ku riƙe, don za mu komo kanta. Ya ce in aka bi dokar nan, ƙarshenta shi ne a tantance mutane, a zaunar da kowa wuri dabam gwargwadon abin hannunsa. Mai kuɗi can, talaka can.

Ƙauyen bai yarda ba. Ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun ƙoli, a Washinton, babban birnin ƙasar. Garuruwa da yawa sun riga sun kafa irin wannan doka, duk suka zuba ido. In Yukilid ya faɗi, su ma dokokinsu sun faɗi.

Gaban alƙalai tara

Alƙalan kotun ƙolin Amurka tara ne. Sun saurari maganar a watan Janairu 1926. Ba su yanke ba. Suka ce a sake zuwa, aka sake a watan Oktoba. Ba kullum ake yin haka ba, alama ce maganar ta yi nauyi. Ranar 22 ga Nuwamba 1926 aka faɗi hukunci. Alƙalai shida suka ba ƙauyen gaskiya, ukku suka ƙi. Alƙali George Sutherland ne ya rubuta dalilan masu rinjaye.

Ga dalilan a taƙaice. Na farko, zamani ya sake. Lokacin da mutane ke zaune warwatse, ba wanda ke damun wani. Yanzu an cunkushe. Ya kawo misalin dokokin hanya. Kafin a yi mota, da wani ya kafa irin dokokin nan da an ce zalunci ne, amma da motoci suka cika hanya kowa ya ga amfaninsu.

Na biyu, abu yana iya zama mai kyau a kansa, ya zama abin damuwa don an sa shi inda bai dace ba. Misalin da ya bayar ya yi suna: alade a ɗakin baƙi maimakon garke. Mu da sai mu ce akuya. Akuya dukiya ce, ba wanda ya ƙi ta. Amma a turke take da kyau. In ta hau gadon amarya, magana ta sake. Masana'anta ma haka take. Tana ba mutane aiki, ba a ƙi ta ba, wurinta ake nema mata.

Na ukku, raba gidaje da masana'antu yana da amfanin da ake gani. Ana rage gobara, in ta tashi kuma an fi saurin kashe ta. Manyan motoci ba su ratsa inda yara ke wasa, haɗari ya ragu. Ƙara ta ragu, mutane su samu barci.

Daga nan kotun ta kafa ma'auni. Ta ce ba za a soke irin wannan doka ba sai in ta fito fili cewa son rai ce kawai, ba ta da wata alaƙa da lafiyar jama'a, ko tsaronsu, ko tarbiyyarsu, ko jin daɗin zamansu. In kuwa abin ana iya gardama a kansa, wasu su ce da amfani wasu su ce babu, to a bar wa majalisar gari, tunda jama'a ne suka zaɓe ta. Amsar tambayarmu ta farko ke nan a ƙasar Amurka. Fili naka ne, amma ikonka a kansa yana da iyaka, domin kana da maƙwabta.

Sai dai akwai wani wuri a cikin hukuncin wanda ni ban yarda da shi ba. Masana'anta tana hayaƙi, mun ji. To, benen haya fa, me ya yi aka hana shi shiga unguwar gidaje? Mutane ne a ciki, ba injuna ba. Alƙali Sutherland ya ce irin wannan bene sau da yawa kamar abin nan ne da ke rayuwa a jikin wani, irin kaska ko kauci. Wai yana zuwa ya more sarari da kyaun unguwar da wasu suka gyara, ya tare musu iska da rana, ya jawo taron motoci. Su wa ke zama a benen haya? Leburori, da baƙin da suka zo neman aiki, da saurayi da amaryarsa waɗanda ba su tara kuɗin fili ba tukuna. Yaransu ma suna bukatar iska da rana da hanya marar haɗari, daidai da yaran mai babban gida.

Abin da ya biyo baya

Bayan hukuncin, dokar shiyyoyi ta bazu ko'ina cikin Amurka. Har yau masu tsara birane a can suna kiran irin wannan tsari da sunan ƙauyen Yukilid. Wasu suna zaton don malamin lissafin nan ne, tunda aikin duk layi ne da awo. A'a, don ƙauyen ne.

Ta yi amfani. Mutum yana iya gina gida hankali kwance, ya san gobe ba za a kafa wurin ƙona shara a bayan katangarsa ba. Amma maganar alƙalin farko ita ma ta tabbata. Ku yi lissafi da kanku. In doka ta ce kowane gida sai da babban fili, kuma iyali guda kaɗai zai zauna a ciki, wa zai iya saye? Ba a rubuta "talaka kada ya shigo" ba. Ba a bukatar a rubuta. Awon filin ya isa ya tsare ƙofa. Tun 1917 kotun ƙoli ta hana garuruwa su raba unguwanni bisa launin fata. Amma ƙauyuka da yawa na gefen birane sun yi aiki da faɗin fili da hana benen haya, har suka zama wurin masu hali kaɗai, baƙaƙen fata kuwa, waɗanda aka daɗe ana danne su, mafi yawansu suka rage cikin tsofaffin unguwannin birni.

Akwai wata wahalar kuma. Tunda an raba gida da kanti da wurin aiki nesa da juna, komi sai da mota. Ko gishiri za ka saya sai ka tada mota. Tsoho da yaro da marar mota sun shiga ukku.

Mutane ba su yi shiru ba. A wata jihar, Niyu Jazi, akwai wani gari a gefen birni mai suna Mount Laurel. Baƙaƙen fata sun daɗe a wurin tun kakanni. Da masu kuɗi suka fara zuwa daga birni, dokar garin ba ta bar wurin gina gidaje masu araha ba, har ƴan asalin wurin suka rasa inda za su zauna. Wata mata daga cikinsu, Ethel Lawrence, ta tsaya tare da ƴan uwanta suka kai ƙara. A 1975 babbar kotun jihar ta ce gari mai bunƙasa ba shi da ikon rufe ƙofarsa da dokar shiyyoyi, dole ya bar wa masu ƙaramin ƙarfi rabonsu na wurin zama. An daɗe ana ja kafin a aikata. Gidajen da aka gina da sunan matar nan, sai a shekarar 2000 aka fara shiga cikinsu, ita kuwa ta riga ta rasu. Daga baya, a 2018, majalisar birnin Miniyafolis ta yarda a riƙa gina gida mai ɗaukar iyali har ukku a unguwannin da dā iyali guda kaɗai aka yarda. A 2019 jihar Oregon ta kafa doka mai kama da wannan domin manyan garuruwanta.

Filin Ambler fa? Ya yi shekaru yana kwance ba gini. A lokacin yaƙin duniya na biyu aka kafa masana'antar kayan jiragen sama a wurin. Bayan yaƙi kamfanin General Motors ya riƙa ƙera gangar jikin motoci a ciki. Masana'antar da aka yi shari'a don a tare ta, ita ce dai ta zauna a ƙarshe. Yukilid kuma ya daina zama ƙauye. A 1930 mutanensa sun wuce 12.000, ya zama gari mai cin gashin kansa a matsayin birni. A ƙidayar 2020 sun kusa 50.000.

Mu dubi namu

Wasunku suna zaune a ƙauyukan da birni ya matso musu, a gefen Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Kun san masu tafiya birni da safe bisa babur ko keke, su komo da marece. Kun ga gonar da aka nome gero bara, bana an kafa mata duwatsun iyaka an yanka ta fili fili. Shi ne ake kira lotisma. Lokacin nan ne ake jan layi, lokacin nan ne kuma ya kamata a yi tambaya. Ina aka bar wa lakkwal? Ina kasuwa, ina maƙabarta? Burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya yana nan, ko an sayar da shi? Hanyar da ruwa ke bi da damina, an bar ta a buɗe? Mutanen Maraɗi sun san amsar wannan ta ƙarshe. A 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon gari, dole aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni da hanyoyi miƙaƙƙu.

A ƙasarmu akwai dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993. Ita ce ta kawo kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ke shaida mallakar gona, su kuma tsare burtali da makiyaya da mashaya. In za a yanka filaye a garinku, ku tambayi iyayenku su wa suka zauna aka ja layin, da kuma ko wanda ba shi da kuɗin babban fili an bar masa wuri.

Kalmomi

Shiyya: yanki na gari ko na ƙasa wanda aka keɓe.
Diyya: abin da ake biyan mutum don asarar da aka jawo masa.
Ɗaukaka ƙara: kai magana gaban alƙali na sama in ba a yarda da hukuncin na ƙasa ba.
Rinjaye: ɓangaren da ya fi yawa.
Kauci: tsiron da ke fitowa a reshen itace yana shan ruwansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutane suka riƙa kwana a Yukilid suna aiki a Kilibilan?
2. A wace shiyya aka yarda a gina makaranta? Kuna ganin daidai ne a hana ta shiga shiyya ta ɗaya? Don me?
3. Mene ne kukan kamfanin Ambler?
4. Alƙalin farko ya hango wani abu. Mene ne? Ya faru ko bai faru ba?
5. Ta yaya awon fili yake iya hana talaka zama a unguwa, ko da ba a ambaci sunansa ba?

Lissafi

1. Mutum nawa suka ƙaru a Kilibilan daga 1900 zuwa 1920?
2. In da duka eka 68 za a sayar a kan dala 10.000 kowace, nawa ke nan? In a kan dala 2.500 ne fa? Ku fidda bambancin. Sannan ku sake karanta yadda layuka suka ratsa filin, ku faɗi abin da ya sa asarar kamfanin ba ta kai wannan bambanci ba.
3. Hekta guda murabba'in metir 10.000 ce. An cire 2.560 domin hanyoyi. Iyali nawa za su samu wuri a sauran in kowane sai da 465? In 84 ne fa, iyali nawa?

Aiki

Ku kasu ƙungiya ƙungiya. Kowace ƙungiya ta zana taswirar garinku ko unguwarku a babbar takarda. Ku sa gidaje, da lakkwal, da masallaci, da kasuwa, da rijiya ko famfo, da maƙabarta, da burtali, da inda ruwa ke kwanciya da damina. Ga mutum ukku sun zo neman wuri: mai injin niƙa, da bahauci mai son wurin yanka, da wata gwauruwa mai ƴaƴa huɗu wadda kuɗinta ɗaki biyu kaɗai za su gina. Ku nuna wa kowane inda zai zauna. Ranar da za mu duba aikin, kowace ƙungiya za ta tsaya gaban aji ta faɗi dalilinta, sauran su yi mata tambayoyi.